Hoton Ranar Tashi

Kyamarata ta fara ciwon tsufa a shekarar da aka yi mini tayin aikin nan. Sai in saita ta, in danna, ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, sai na bubbuga ta da tafin hannu sannan ta ɗauka. Kafin nan kuwa saniyar ta juya mini baya, ko mai kwalekwalen ya wuce. Matata ta ce ni da kyamarar mun zama tsoho da jakinsa, kullum faɗa amma babu mai iya rabuwa da wani.

Har yau mutanen Dangora ba su gama gane sana'ata ba, domin ba na ɗaukar biki ko suna. Yawo nake yi a babur tsakanin Kiru, Bebeji, Tudun Wada har Doguwa, in ɗauki kwandunan tumatir, sussukar masara, hannun mai tatsar nono, in ɗora su a shafukan intanet inda ake sayar da hoto. Kasa kaya ne a kasuwar da ba ka ganin masu saye. Wani a can wata ƙasa zai ga hoton ya yi masa, ya saya ya sa a littafi ko talla, a turo mini ɗan kasona. Wani watan a samu, wani watan ko na mai ba ya fita.

Duk wanda fuskarsa ta fito a hoto sai ya sa mini hannu ko ya dangwala yatsa a takardar amincewa, haka dokar shafukan take. Tun farko na ga bai kamata mutum ya ba ka fuskarsa da yatsansa ka tafi ke nan ba, sai na ɗora wa kaina wanke hoton kowa in mayar masa. Ba don ni waliyyi ba ne, har da dabarar neman abinci a ciki. Rugar da ka mayar wa hoto a bakin dajin Falgore, in ka koma ba ka rasa tabarma da ƙwaryar nono.

Wata Hajiya ce ta kira ni, daga wani kamfanin masu kai baƙi yawon buɗe ido. Ta ce sun ga hotunana, suna son in yi musu aikin mako shida: dam ɗin Tiga, dajin Falgore, duwatsun Doguwa, kasuwanni da mutanensu. Mota da direba nasu, masauki nasu, ga lada, sannan za su ba ni sabuwar kyamara wadda za ta zama tawa in an gama. Daga jin zancen kyamarar nan ban ƙara fahimtar abin da take faɗa ba, sai "to, Hajiya" kawai nake ta jerawa.

Da takardar yarjejeniyar ta iso na zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida na bi ta layi-layi. Aikin ya faɗo a kaka, lokacin da nake samun hotunan da suka fi tafiya, kuma duk abin da na ɗauka ya zama nasu har abada, ba zan ɗora ko ɗaya a shafukana ba. Na ce ba komai, kaka za ta sake zagayowa, ta same ni da kyamara mai lafiya. Tsarin tafiyar ma gudu ne, gari ɗaya da safe, wani da azahar, alhali mai hoto ya san rana tsaka ba ta yi wa fuska adalci. Shi ma na haɗiye. Sai can ƙasa na iske wani layi: kullum in aka tashi aiki zan miƙa katin kyamara, ba zan ajiye kwafi ba, ba zan kuma ba kowa ko ɗaya ba. Na karanta shi sau uku, na ninke takardar na sa a aljihu, na yi kamar ban gani ba.

Matata ta ce in karɓa, kuma gaskiyarta ne. Ni ma zuciyata ta riga ta karɓa. Saura kawai in je in gaya wa Kawu, yayan mahaifiyata, don ba na yanke babbar magana ban nemi albarkarsa ba. Su ne waɗanda ruwan Tiga ya tasa daga ƙauyensu, aka ba su sabon matsuguni, suka koma kamun kifi da noman rani. Na same shi da hantsi a inuwa yana gyaran raga. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi babur.

Na kwashe labarin na gaya masa, amma daɗin kawai na zaɓa. Na faɗi mota, na faɗi masauki, na faɗi kyamara, layin nan na ƙasa kuwa na bar shi a aljihu. Kawu ya yi murna sosai, ya sa albarka, ya ce dama ya gaji da ganina ina dukan abin neman abincina a gaban mutane. Muka yi dariya. Sai ya ajiye ragar.

Ya ce ranar da za su tashi daga tsohon ƙauyen, ana loda kaya a manyan motoci, wasu mutum biyu sun zo da kyamara. Suka tsayar da mahaifiyarsa a ƙofar ɗakinta, tana riƙe da ƙwaryar da take auna hatsi. Ta ce su bari ta sake zane, suka ce a'a, a hakan suke so. Suka ɗauka, suka ce za a kawo. Ba ta daɗe ba a sabon garin Allah ya karɓi abarsa, ɗakin kuma yana ƙarƙashin ruwa. Ya ce muryarta tana nan a kunnensa, har yadda take gyaran murya kafin ta yi masa faɗa, amma fuskar ta fara kuɓuce masa. In ya rufe ido sai ya ga zanen da ƙwaryar kawai.

"Ɗan nan, tunda yanzu za ka shiga cikin manyan masu hoto," in ji shi, "ka tambayo mini. Wataƙila yana nan a wani ofis, ba su san na waye ba."

Na ce to, Kawu. Me zan ce? Ban taɓa jin labarin nan ba sai ranar, ni da nake hoto shekara da shekaru. Kunya ta kama ni, takardar da ke aljihuna ta yi mini nauyi. Don in samu abin yi da hannuna sai na ciro kyamarar, na bubbuge ta, na ɗauke shi yana zaune da ragarsa a cinya.

Washegari na kira Hajiya. Na ce komai ya yi mini, abu ɗaya nake roƙo, a bar ni in wanke wa duk wanda na ɗauka kwafi guda, da kuɗin aljihuna. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta gane, ita ma kakarta ta rasu babu hotonta ko ɗaya. Ta ce in ba ta kwana biyu. Ta cika alkawari ta kira, muryarta a sanyaye, ta ce lauyoyinsu sun ƙi, suna tsoron hotunan su bazu a wayoyi kafin tallarsu ta fita. Na ce to bayan tallar fa? Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, in katin ya bar hannunta ba ta san inda zai ƙare ba.

Ban ga laifinta ba, har yau ba na gani. Aiki ne mai kyau, kuma na tabbata wanda ya karɓa bayana ya ji daɗinsa. Ni dai na kasa hango kaina a ruga ina cewa wata tsohuwa ta tsaya a hakan, za a kawo. Na ce wa Hajiya ta yi haƙuri, ba zan iya karɓar aikin ba. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba, kwana da kwanaki ina buɗe hoton sabuwar kyamarar a waya ina kallo. Matata kuwa ta daina yi mini tsiyar tsoho da jakinsa, wannan kuma ya fi faɗa ciwo.

Da na koma wajen Kawu na gaya masa komai, har da layin da na ɓoye. Na yi zaton zai yaba mini. Sai ya ɓata rai, ya ce ban da wauta wa yake mayar da arziki don hoton mutanen da ba su roƙe shi ba. Ya juya ya ci gaba da ragarsa, can ya ce a hankali, "Yanzu wa zai tambayo mini?"

Na ciro hotonsa na ranar nan da na wanke, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ba da son ransa ba, ya nesanta shi da ido kamar yadda tsofaffi suke yi, ya matso da shi, ya sake nesantawa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya goge yatsansa a riga, ya ɗora a kan goshin da ke cikin hoton.

"Goshin nan nata ne," in ji shi.