Ƙamshin da ya kai mahaifina kotu

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana.

Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai rawar kai, na gama sakandare ina zaune a gidanmu a unguwar Limanti ta Maiduguri, ba aiki ba karatu. Wata ƙawar mahaifiyata ta samo mini aiki a shagon wata Hajiya mai haɗa turaren wuta da humra, wadda amaren manyan gari ke layi a wurinta. Hajiya ta ce sai na zo da mai tsaya mini. Na tafi da Babana, dattijo, ladanin masallacin unguwarmu, wanda bai yi boko ba. Aka kawo takarda da Turanci. Ni mai taƙamar na yi makaranta, samanta kawai na duba na ce masa ba komai ba ne, ƙa'idar aiki ce. Na sa hannu, shi ya dangwala yatsa. Ashe a ciki an rubuta cewa in na bar aiki ba zan haɗa turare ko in sayar a Maiduguri ba sai bayan shekara biyu, ba zan yi amfani da sirrin haɗinta ba, kuma in na saɓa har wanda ya tsaya mini za a nema.

Na daɗe a shagon har hannuna ya faɗa. Na san yadda take jiƙa farce, ɓawon nan na teku da ake sawa a turare, na san wani mai da take ɗigawa a ƙarshe wanda ba ta bari kowa ya gani sai ni. Wata rana ta yi mini faɗa a gaban baƙi, zuciya ta ɗebe ni na ajiye aikin. Takardar nan ko tuna ta ban yi ba.

A garin nan kowa ya sani amarya ba ta tarewa babu turare. Da maƙwabciyarmu za ta aurar da 'yarta, sai na haɗa mata a matsayin gudummawata. Mata suka ji ƙamshi suka rikice, kowa na neman lambata. Na fara yi a tsakar gida ina tallatawa a waya, har masu saye a wurin Hajiya suka dawo wurina saboda sauƙin farashi. Kaina ya kumbura. Na manta ƙamshi ba ya ɓuya. A wani biki a Abbaganaram Hajiya ta rungumi amarya, ta shinshina lafayarta, ta ce wannan haɗinta ne amma ba daga shagonta ya fito ba. Nan take aka faɗa mata sunana.

Da wasiƙar lauyanta ta zo na ga har da sunan Baba a ciki. Na tura ta ƙarƙashin katifa ban gaya wa kowa ba. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Keke napep ya tsaya a ƙofar gida, in leƙa in ga ko su ne. A yi sallama da muryar namiji, in ruga ɗaki in ɓuya. Abinci ya daina wuce mini, mahaifiyata tana ta yi mini jiƙon zazzaɓi. Ba kaina nake tsoratar wa ba. Tsorona a ja tsohon da ko ofishin 'yan sanda bai taɓa takawa ba zuwa gaban alƙali.

Abin da nake gudu shi ya faru. Ma'aikacin kotu ya samu Baba a kan tabarma bayan la'asar, a cikin mutane, ya miƙa masa sammaci. Baba ya shigo ya ce in karanta masa. Ina kuka na karanta, na faɗi gaskiya duka. Bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko wannan ce takardar da na ce masa ba komai ba ce.

Lauyan da muka samu ya ce da hana ni sana'a ne kawai, da akwai abin ja, domin kotu ba ta amincewa da sharaɗin da ya wuce hankali, amma ɗaukar sirrin haɗi da janye masu sayenta ya raunana mu. Ranar zama aka kira sunan Baba da ƙarfi, ya dafa sandarsa ya miƙe. Alƙali ya ba mu damar sulhu. Dattawa suka raka shi gidan Hajiya, ya ba ta haƙuri a kan laifin da ko sani bai yi ba. Ta janye ƙara, ni kuma na tattara kwalabe da itatuwan turaren na miƙa mata, na daina.

Abin da na koya shi ne sa hannu alkawari ne, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. 'Yan uwana masu neman aiki, ku sa a fassara muku kowane layi, ku tambayi abin da zai biyo baya ranar rabuwa, musamman in wani zai tsaya muku. Ni an yafe mini, amma abin bai ƙare a kaina ba. Bana ƙanena ya samu aiki a wani kantin magani, aka ce ya kawo mai tsaya masa. Baba ya ɓoye hannunsa cikin riga ya ce shi ya gama dangwala yatsa a duniya. Aka ba wani mutum daban aikin, ƙanena yana nan zaune a gida.