Geron da Ya Je Gwaram Ya Dawo

Na daɗe ina tuƙin babbar mota. Na kwana a Agadas, na ci tuwon dokunu a Kumasi, na yi ciniki da Larabci a Injamena, kuma ko'ina nakan lura da yadda manomi yake adana irinsa. Wasu a tulu suke liƙewa da laka, wasu su cuɗa da toka. Mai ɗakina kuwa nata a saman murhu yake. Duk kaka takan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaure, ta rataye inda hayaƙi zai riƙa bugunta don kada ƙwari su taɓa. Geron gidan mahaifinta ne, mai saurin nuna.

Shekarar da na ajiye tuƙi na koma gonarmu ta wajen Wurno, a shekarar Allah Ya jarrabe mu. Muka yi binne, wato muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa. Aka yi yayyafi, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Rana ta ƙone shi ƙurmus. Muka sauke ragowar zangarniyar muka sake shukawa, ita ma haka ta tafi. Igiya kaɗai ta rage a saman murhu.

Damina ta riga ta yi nisa. Irin da na samu a kasuwar Birnin Kudu mai jinkiri ne, ba zai nuna ba kafin ruwa ya janye. Abin da ke cikin rumbu kuma ba zai kai mu baɗi ba.

Na tarar da mai ɗakina tana hura wuta, idonta a kan igiyar, cike da ƙwalla.

"Hajiya, hayaƙi ne?"

"Hayaƙi ne mana, Alhaji. Je ka yi alwala, Mai bayarwa bai manta da mu ba."

Ranar wata Juma'a sai ga autarmu da ke aure a Gwaram, mijinta ya kawo ta a babur, da ƙunshi a cinyarta. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta kwance zanen. Zangarniya ce, baƙi ƙirin da hayaƙi.

"Baba, na ji shukarku ta ƙone. Geron Inna ne. Mu can ruwa bai yanke mana ba, wannan ya ragu."

Sai a lokacin na tuna. Da za a kai ta ɗakin miji, uwarta ta cusa 'yan zangarniyoyi cikin kayan gara, tsakanin tukwane. Har na ce mata mutanen Gwaram za su ɗauka mun raina musu rumbu. Ashe surukin namu ya shuka, ya ga saurinsa, ya riƙe shi shekara da shekaru.

Hajiya ta ɗauki guda ta shinshina. Sai ta dube ni.

"To, Alhaji, mun raina musu rumbun?"

Ta sussuke shi a ranar. Da ruwa ya dawo muka shuka, ni da sungumi a gaba, ita tana bina tana zubawa tana rufewa da diddige, bakinta yana motsi da addu'a. Bai cika rumbu ba, amma ya kai mu wata kakar.

Tun daga nan dami biyu take ratayewa a saman murhu. Ɗaya namu, ɗaya na Gwaram.