Lambobin Takobin Kaka Sun Kusa Kashe Ni

Jama'a, ni da nake cewa ko zaki ya gan ni sai ya canza hanya, yau na ga lahira da idona!

Kun san takobin kakanmu, wanda ya kawo daga yaƙin Kamaru. Na naɗe shi a tabarma zan kai wa wana a Gummi. A bisa mashin na cika ɗan kabu-kabu da labari, na ce lambobin da ke jikin ƙotar adadin kawunan da muka sare ne, ni da Kaka.

Bayan Adabka sai ga shingen sojoji!

"Mi ke cikin tabarma?"

Suka warware. Wani ya ce, "Wannan lambar fa?"

Kafin in yi magana ɗan kabu-kabu ya ɗaga hannu sama. "Ranka ya daɗe, ba ruwana! Ya ce mutanen da ya kashe ne!"

Innalillahi! Na ji ƙarar ɗana bindiga. Na fara kalmar shahada, har da kiran Inna da ta daɗe da rasuwa.

Ogansu ya zo ya goge tsatsar, ya ɗauki hoto, ya yi ta latsa waya. Ya ce na sojan Jamus ne, ga kambin sarkinsu. Lambar farko ta runduna, ta biyu ta ƙaramin rukuni, ta ƙarshe ta takobin kansa.

Ya dubi wandona, ya girgiza kai.

"Baba, takobin ga ya je yaƙi ya dawo a bushe. Kai tambaya ɗaya aka yi maka."