Fitilu Huɗun da Na Cire

Har in mutu ba zan manta ranar da na cire fitilu huɗu daga rikodar maigidana ba. Lokacin ina koyon gyaran rediyo a shagonsa a Mubi, na gama kwas ɗin lantarki, kaina ya kumbura, gani nake ba wanda ya kai ni.

Kakana yana ƙauyen Mugulbu, ya tsufa tukuf, kuma shi kaɗai ya rage da ya san yadda danginmu suka taso daga Borno. Na roƙi maigida aron rikodarsa don in ɗauki labarin a kaset. Da na buɗe cikinta, sai na ga 'yan fitilun LED huɗu korra a jere, a gurbin da littafi ya ce zena ake sakawa, wato ɗan abin da ke daidaita ƙarfin wuta. Na tuntsire da dariya.

“Baba, wannan rikoda ce ko motar amarya?”

Maigida bai ko ɗago kai ba. “Injiniya, bar su. Zena tana huci, fitila kuwa shiru take. Kunne ya koya mini.”

Kunne! Ni da satifiket? Yana fita sallar azahar na ɓalle su, na manna zena. Na gwada da muryata mai kama da ta ɗan kamasho, ga janareton maƙwabci yana ruri. Na ji ta fito ras.

Na ɗauke ta na tafi Mugulbu. Abin da ban lissafa ba shi ne muryar Kaka ta zama raɗa. Sai da na murɗa makirfo har ƙarshe, ashe hucin zenar nake ƙara wa ƙarfi. Awa biyu yana lissafo iyaye da kakanni, yana dariya, yana share hawaye, ni kuwa ko sauraro ban yi sosai ba, tunda kaset na juyawa.

Da na dawo gari, na kunna kaset ɗin. Shuuu kawai, kamar ruwa a kan kwano, Kaka can ƙasa ba a gane ko kalma ɗaya. Maigida ya saurara, ya dube ni, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce zan koma ranar Juma'a. Ranar Laraba Kaka ya rasu.

Yau idan 'ya'yana suka tambaye ni sunan kakan kakansu, sai kunya ta rufe ni. Tun daga ranar, in na ga aikin wani ya saɓa wa littafi, sai na tambayi dalili kafin in sa hannu.