Rabon Baba a Jinga

Ni tela ce a cikin garin Haɗejiya, kuma ina da wata jaraba da maigidana ya yi faɗa har ya gaji ya zuba mini ido. Wata gasar Turawa ce nake kallo, wadda ake kwasar mutane a kai su daji a watsar, kowa shi kaɗai da wuƙarsa da tukunyarsa, a ga wanda zai fi daɗewa. Mai tura finafinai a bakin kasuwa ne ya fara zuba mini ita a waya bisa kuskure, ni da na je neman fim ɗin Hausa. Tun daga ranar na kamu. In jingina wayar a jikin keken ɗinki, ƙafa na taka keke, ido na daji. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, amma ba sai an fassara mini mutumin da yunwa ke ci ba.

Dokar gasar mai sauƙi ce. Kowa an ba shi wata 'yar waya, ranar da ya gaji ya latsa, jirgin ruwa ya zo ya ɗauke shi, ya faɗi ke nan. Sannan lokaci-lokaci likitoci kan zo su duba su, wanda suka ga jikinsa ya lalace su fitar da shi ko yana so ko ba ya so.

Masu latsa wayar nan sun sha zagi a bakina. Ƙato da gemu har ƙirji, ga tabki a gabansa, ya zauna yana kuka wai ya tuna matarsa. "Kai, ji sakarai!" in ce. "Kifi na tsalle a gabanka kana hawaye? A kawo ka fadamar Auyo mana ka ga yadda ake yi!" Masu kawo ɗinki har sun saba, in suka ji ina masifa ni kaɗai sun san ba da su nake ba.

Gwanina wani dattijo ne mai sanƙo, marar surutu. Kullum yana gyaran bukkarsa, ya toshe nan ya ɗaure can, ya rame har wandonsa sai da igiya, amma bai taɓa ko kallon wayar ba. Ranar da likitoci suka ce sai ya fita, ya roƙe su, suka ƙi. Wallahi ranar hannun riga na ɗinka a bai-bai don haushi. Na ce ina ruwanku da shi? Shi ya ce muku ya gaji? Ku bar mutum ya ƙarasa abin da ya sa a gaba mana! Na wuni ina huci, maigidana yana yi mini dariya wai an cire kawuna.

A daminar shekarar ne ruwa ya yi mana yawa.

Ƙauyenmu yana can bayan Auyo, a bakin kogi, kuma abin da ya raba shi da ruwa jinga ce, wato tudun ƙasa da buhunan yashi da mutanen gari suke tayarwa su kewaye gidaje da gonakin shinkafa. Kafin damina mai gari yakan raba ta gida-gida, kowane magidanci da nasa rabon da zai gyara ya kuma tsare idan ruwa ya kawo. A garinmu in ruwa ya shigo ba a cewa jinga ta fashe. Sai a ce ta wajen wane ya shigo. Kuma maganar ba ta mutuwa. Akwai wani kududdufi a yammacin gari da muka taso muna kira da sunan wani mutum da ya rasu tun kafin a haife ni, don ta rabonsa ruwa ya taɓa ɓallewa. Jikokinsa suna nan, suna ji ana faɗa.

Baba ya tsufa, ga ciwon suga. Ɗansa namiji ɗaya ne, ƙanena, yana Legas yana acaba. Ya bugo ya ce a ɗauki 'yan ƙwadago su tsare rabon gidanmu, Baba ya ce shi bai taɓa jin an yi hayar mai tsaron jinga ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

Da ruwa ya kai wuya aka kwaso mata da yara. Inna ta sauka a gidana da ƙullin kayanta da kaji a kwando. Sai da ta huta ta ci abinci sannan ta ce, kamar ba komai ba, wani kututturen kachala ya soki Babanku a babban yatsa. Kachala ita ce doguwar ciyawar nan da ta cinye mana kogi. Na ce yaushe? Ta ce an kwana biyu. Na ce yana sa magani? Ta ce ƙafar dai ta fara wari, kuma a cikin ruwa yake wuni.

Na kira shi nan take. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, ya garin?"

"Baba, don girman Allah ka fito a duba ƙafar nan."

"Ƙafa lafiyarta lau. Innarku ce da ƙarin gishiri."

"Baba, mai ciwon suga ba ya wasa da rauni."

"To in na fito wa zai tsaya a wajena? Ke?"

Ni mace ce, ba a ba mace rabo a jinga. Na yi ta kira kullum, wataran ya ɗauka, wataran cajin ya ƙare. Muryarsa na ƙara yin ƙasa. Na kasa ɗinki, na kasa cin abinci, sai in zauna in riƙe waya ina kallon lambarsa. Inna ta ce in bar shi, ta fi ni sanin mijinta. Na ce Inna, sanin naki me ya hana?

Ranar da wani maƙwabcinmu ya ɗauki wayar a madadinsa ya ce zazzaɓi ya rufe Baba amma ya ƙi sauka daga jingar, na yafa mayafi na ce wa maigidana ya tayar da babur. Muka bi hanya har inda ta nutse, daga nan muka shiga kwalekwale. Gonakin shinkafar wajen jinga duk sun zama kogi, sai kan bishiyoyi.

Na hango Baba tun daga nesa. Yana zaune a kan buhun yashi, ƙafar a ɗaure da leda da tsumma, ruwa na lasar buhunan da ke ƙarƙashinsa. Yana rawar ɗari da rana tsaka, hannunsa na kan wani buhu yana danna shi. Kafin mu ƙarasa warin ya iske mu.

Na durƙusa a cikin taɓo na gaishe shi, na roƙe shi da Allah da Annabi. Ya ce in koma gida, nan ba wurin mata ba ne. Na juya ga maigidana, ya sunkuyar da kai. Surukinsa ne, ko ido ba ya iya haɗawa da shi, balle ya kai hannu jikinsa. Sai na miƙe na fuskanci mazan da ke kan jingar, mutanen da suka goya ni ina ƙarama, na buɗe baki. Na ce kuna kallonsa zai mutu a gabanku don kar a ce? In ya mutu ku za ku ba ni wani uban? Ban san duk abin da na faɗa ba, na dai san ina ihu ina kuka, kuma ban taɓa ɗaga murya a gaban Baba ba sai ranar.

Maƙwabcin nan da mai kwalekwale ne suka ɗauke shi. Bai yi kokawa ba, ba shi da ƙarfin yi. Ya dai ce wa maƙwabcin, "Ka riƙa leƙa mini wajen nan." Ya ce in sha Allahu. Amma shi ma yana da nasa rabon, kuma hannu biyu gare shi.

A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Muna can ruwa ya ɓalle ya shiga gari, ya kwashe shinkafar mutane ya rushe gidaje. Ta wajen Baba ya shigo. Ko da yana nan zai ɓalle, ko ba zai ɓalle ba, Allah kaɗai ya sani. Na yi wa kaina tambayar har kaina ya yi ciwo.

Bayan an sallame shi ya zauna a gidana, a ɗakin zaure. Wata rana na nemo wurin da aka cire dattijon gasar na sake kallo. A da shi kaɗai nake gani. A wannan karon na ga likitar da ta faɗa masa, ta kasa ɗaga ido, tana ta murza hannayenta. Na kuma ga abin da ya biyo baya: aka nuna bukkarsa babu kowa, iska na kaɗa ta, shi ke nan. Babu wanda gonarsa ta nutse don ya tafi. Ya koma gida aka rungume shi, aka ba shi abinci mai zafi, aka ce ya yi ƙoƙari. Na ji hassada ta kama ni, wallahi, ina hassadar mutumin da ban sani ba. Har yanzu ina kallon gasar, ba zan yi ƙarya ba, in sabuwa ta fito ni ce ta farko a wajen mai turawa. Amma bakina ya mutu. Wanda ya latsa waya da wanda ya ƙi, duk sai dai in kalle su.

Baba bai taɓa yi mini maganar ba. Masu zuwa dubiya ne in hira ta yi hira bakin wani ya suɓuce ya ce, "ai daidai inda ya shigo ta wajen Malam," sai ya kama bakinsa, Baba ya gyara hularsa.

Da bazara ta zo, ana shirin wata daminar, maƙwabcin nan ya zo takanas daga ƙauye. Na kawo masa ruwa na zauna daga bakin ƙofa. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ya yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya ce mai gari ne ya aiko shi. An yi rabon jingar bana, an duba lalurar Malam da kuma yaro ba ya gida, an ga ya kamata a hutar da shi. An raba wajen nasa tsakanin gidaje biyu. Ya ce don tausayi aka yi, kar ya ɗauka da wata manufa.

Baba ya ce, "An kyauta. Allah ya saka da alheri. Ka gaishe shi."

Ya sa na raka baƙon har ƙofa. Da na dawo yana kallon inda ƙafarsa ta ƙare. Bai ɗago ba ya ce, "Uwata, da kin bar ni a can, ko gawata ce a kai, da ba su cire gidanmu ba."

Na ɗauki kofin da baƙon ya sha ruwa na fita tsakar gida, na tsaya da shi a hannu na rasa inda zan ajiye.