Littafin da Aka Ƙulle Magani da Shi

Shekara talatin na yi ina aikin jinya a Birnin Gwari, kuma jarabata ɗaya ce: tara littattafan labarin likitocin fagen yaƙi, bugun farko, masu sa hannun marubucin. Matata tana cewa na fi son su a kan 'ya'yana. Sharri take mini, amma ba sosai ba.

Akwai guda da ya gagare ni. Wani tsohon likitan soja ne ya rubuta shi, ya sa hannu a 'yan kwafi, ya raba wa waɗanda suka yi aiki tare a bakin daga.

Rannan ƙanwata ta zo daga Randagi da ciwon kai, ta kwance ƙullin ƙwayoyin da ta saya a kemis ɗin ƙauyensu. Ina ganin takardar da aka ƙulle su a ciki gabana ya faɗi. Ga sunan littafin nan ɓaro-ɓaro a saman shafin!

"Wane marar imani ne ya ba ki wannan?"

"Haba Yaya, magani ne fa," in ji ta.

Washegari da sassafe na hau acaba. Hanya duk taɓo, sau biyu muna faɗuwa, ni kuwa ba abin da ke raina sai shafin farko, inda sa hannun yake. In an yage shi, shi ke nan.

Mai kemis ɗin dattijo ne. Littafin na marigayi wansa ne, wanda ya yi aikin ɗaukar masu rauni a soja. Ya jawo shi daga ƙarƙashin benci, kusan rabi ya tafi.

"Malam, daga farko na soma yagowa. In sauran zai yi maka amfani, ɗauka."

Na karɓa, na buɗe haka nan. Sai ga sa hannun da shuɗiyar tawada, ko ƙwarzane babu! Ashe bawan Allah karatun allo ya yi, a wurinsa daga dama ake buɗe littafi. Abin da yake kira farko, ƙarshe ne.

Wallahi rungume shi na yi har hularsa ta faɗi. Da na koma gida na aika masa da damin tsofaffin jaridu, ya ci gaba da ƙullinsa.

Ƙarshen labarin ya watse a gidajen Randagi, har yau ban san ko likitan cikinsa ya komo gida ba. Ko a jikina. Wanda ya rubuta dai ya komo, ga sa hannunsa a durowata.