Rabin Ƙwayar Malam Sale

Jama'a, duk mai shan maganin hawan jini a zuri'ar nan ya tsaya ya ji abin da na gani yau.

Da hantsi na je Tsafe duba ƙanena Malam Sale. Na tarar da shi bisa tabarma, da reza a hannu, yana tsaga ƙwayar maganinsa gida biyu.

Na ce, "Sale, mi kake yi haka?"

Ya ce, "Yaya, likita da bakinshi ya ce magani biyu ne aka haɗa cikin ƙwaya guda. Katin maganin ɗaya yanzu ya fi cefanen mako tsada. Shi ne nake raba su, in sha ɗaya yau, ɗaya gobe."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Sallah. Kin ga na mutu?"

Ya yi dariya. Gefe guda na bakinsa ne kawai ya motsa. Rabin ƙwayar ya zame daga hannunsa na hagu, bai ma sani ba.

Na ce, "Ɗauka."

Ya kalli hannun. Hannun bai tashi ba.

Ya ce, "Yaya, wannan hannun wa ne?"

Innalillahi! Yanzu haka muna cikin mota, za mu asibiti Gusau. Matarsa Hajara na ta kuka, na ce ta yi mini shiru. Sai ta kwance bakin zanenta ta nuna mini nata maganin hawan jinin. Duk rabi-rabi ne, shi yake tsaga mata.

Ta ce tun asuba kanta ke sarawa.